Na goge Ubuntu, kwamfutar Yaya ta ƙi tashi

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Ngaundare, ina zaune a Dang, gidanmu kuwa a Garwa yake. Da za a koma makaranta Yayana ya ara mini laftof ɗinsa, HP mai Windows 10. A ciki yake ajiye lissafin kasuwancinsa na albasa da gyaɗa, har da sunayen mutanen da yake bi bashi. A darasinmu an ce mu saba da Linux, sai wani abokina ya saka mini Ubuntu, wadda irin Linux ce, kusa da Windows, in na kunna ta tambaye ni wanne zan shiga. Da muka gama jarrabawa na ce bari in mayar masa da kayansa yadda ya ba ni. Na shiga Gestion des disques, wurin da Windows ke nuna ɓangarorin diski, na goge ɓangaren Ubuntu, na ci gaba da aiki lafiya lau har na kashe. Da safe na kunna sai baƙin allo da rubutu, "error: no such partition", a ƙarƙashinsa "grub rescue>". Mai gyara ya ce Windows ta mutu, sai an yi format. Yaya bai san komai ba, kuma ranar Juma'a zai aiko a karɓa. Kwana biyu ke nan ban yi barcin kirki ba. Lissafinsa ya tafi ke nan? In gaya masa, ko in yi shiru har Allah Ya sa a gyara?

Wani ɗalibi, daga Dang

Wa alaikumus salam ƙanena. Kwantar da hankalinka, ka sha ruwa, ka yi barci yau. In dai ɓangaren Ubuntu kaɗai ka goge kamar yadda ka faɗa, lissafin Yayanka yana nan inda ya bar shi, ko sifili ɗaya bai ɓace ba. Shaidata a cikin wasiƙarka take: ka ce bayan ka goge ka ci gaba da aiki a Windows har ka kashe. Abin da ya mutu ba ya yi wa mutum aiki har dare. Abu ɗaya ne zai iya cinye lissafin nan yanzu, shi ne format ɗin da aka ce a yi, wato a share diskin a sake saka Windows. Saboda haka in laftof ɗin tana shagon mai gyara, gobe da sassafe ka je ka karɓo ta, ka yi masa godiya, kada ka tsaya jayayya.

Ba na zagin masu gyara. Yawancinsu format ne abin da hannunsu ya faɗa a kai, cikin awa ɗaya an gama, kwamfuta ta tashi, mai ita ya biya ya tafi yana murna. Sai ya isa gida ya nemi takardunsa ya tarar da fili fetal. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Bari in nuna maka abin da ya faru, don in ka gane shi umarnin da zan ba ka ba za su zame maka surkulle ba. Ɗauki diskin kwamfutar a matsayin gida. Da, Windows ce kaɗai a gidan, kuma tana da ɗan aikenta da ke zaune a zaure, kowa ya yi sallama ya wuce da shi ɗakinta kai tsaye. Ranar da abokinka ya saka Ubuntu, an yanka mata nata ɗakin, sannan aka sallami ɗan aiken Windows daga zaure aka zaunar da wani mai suna GRUB. Shi ne yake tambayarka wanne za ka shiga. To zauren nan ƙarami ne ƙwarai. A tsohon tsari ana kiransa MBR, shi ne farkon diski, bayit 512 ne gaba ɗayansa, kuma a ciki 64 na taswirar ɗakunan gidan ne, wurin zaman ɗan aike bai wuce 446 ba. GRUB ba ya shiga wannan ɗan wuri da kayansa duka. Sai ya zauna a zaure da 'yar rigarsa, jakarsa da littafin da ya rubuta hanyar kowane ɗaki kuwa ya ajiye su a ɗakin Ubuntu. Kai kuma ka zo ka rushe ɗakin da jakar a ciki. Da gari ya waye ka yi sallama, GRUB ya tashi zai ɗauko littafinsa, ya tarar babu ɗakin. Abin da yake ce maka ke nan da "no such partition". Windows tana ɗakinta da kayanta, ba wanda zai nuna ƙofar ne kawai. Aikinmu shi ne mu tashi GRUB daga zaure mu dawo da tsohon ɗan aike.

Amma kafin mu taɓa komai, ga amsar tambayarka ta biyu, don ita ce ta hana ka barci, ba baƙin allon ba. Ka kira Yayanka yau, kafin gyara. Ba wa'azi nake yi maka ba, lissafi nake yi. Na farko, in ya aiko ranar Juma'a aka kai masa ita a haka bai san dalili ba, shagon mai gyara zai nufa a Garwa, kuma ka san abin da za a ce masa a can. Shirunka ne zai jawo format ɗin da muke gudu. Na biyu, mai yiwuwa ne a tsakiyar gyara kwamfutar ta nemi abin da shi kaɗai yake da shi. Wasu laftof ɗin diskinsu a kulle yake da BitLocker, makullinsa lambobi 48 ne, kuma galibi a asusun Microsoft na mai ita ake samunsa. In ta nema, dole ka kira shi, kuma gara ya ji labarin tun daga farko da ya ji shi daga tsakiya. Na uku, ɗan kasuwa ne, wataƙila yana da kwafin lissafin a wayarsa ko a littafi, da ka ji haka rabin nauyin ya sauka. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Ka ce masa: Yaya, na saka wani abu na makaranta a kwamfutarka, garin cirewa ta ƙi tashi, takardunka suna nan, ka ƙara mini kwana biyu, kuma don Allah kada kowa ya yi mata format. Zai yi faɗa, ya kuma isa ya yi, don ka yi gini a gidan aro ba ka tambayi mai gida ba. Ka saurara, kada ka jingina laifin ga abokinka.

Yanzu aiki. Abu na farko, a kwashe takardun Yaya a ajiye waje ɗaya. Gyaran da za mu yi ba ya taɓa su, amma ni ba na sa hannu a diskin da babu kwafin abin da ke cikinsa, ko nawa ne balle na wani. Ka tambayi abokinka ko kile ɗin da ya saka Ubuntu da shi yana nan, abin da 'yan uwanmu na Najeriya ke kira filas. In yana nan ka yi sa'a. Ka soka shi, ka kunna kwamfutar kana danna F9, shi ne maɓallin zaɓen inda HP za ta tashi (Dell da Lenovo F12 ne, ga masu karatu da ke da su). Ka zaɓi kile ɗin, in Ubuntu ta buɗe ka danna "Essayer Ubuntu", wato gwadawa. Kada hannunka ya kai ga "Installer". Daga nan ka buɗe wurin fayiloli, za ka ga diskin Windows, ka shiga Users, ka shiga sunan Yaya, ga Documents ga Desktop. Da idonka za ka ga lissafin albasar nan. Ka kwafe shi zuwa wani kile na daban. In ta ce maka diskin na karatu ne kawai ba a rubutu a kai, babu laifi, mu ma karantawa muka zo yi.

Abu na biyu, kana buƙatar kile na saka Windows 10. Kusan kowane mai gyara da kowane mai siba yana da shi, ka ara ko ka ba da ɗan abin goro. In kuma kai za ka haɗa, kana buƙatar kile mai giga 8 ko fiye, da wata kwamfuta mai lafiya, da manhajar Microsoft mai suna Media Creation Tool. Ka sani duk abin da ke kan kile ɗin zai goge, kuma saukewar tana cin giga da dama, don haka ka nemi wurin da intanet ke da ƙarfi maimakon ka ƙone kuɗin abincinka a data. Ka kuma cika batir kafin ka fara. Mun san halin wutarmu, ba ta sallama in za ta tafi.

Ka soka shi, F9, ka zaɓe shi. Allon farko zai tambaye ka harshe da irin allon rubutu, kuma a nan ne mutane da yawa a ƙasar nan suke tuntuɓe tun ba a fara ba. Laftof ɗinmu iri biyu ne a kasuwa: waɗanda suka zo daga Faransa da Beljiyam layinsu na sama AZERTY ne, waɗanda suka biyo ta Najeriya ko suka zo daga Amurka QWERTY ne. Ka dubi naka ka zaɓi wanda ya dace da shi, in ba haka ba ka danna a ta fito q, ka yi ta rubuta umarni daidai tana ce maka ba ta gane ba. A AZERTY irin na Faransa, alamar / tana fitowa da Maj da maɓallin :, ita kuwa \ da AltGr da 8. Bayan "Suivant" za ka ga babban maɓalli a tsakiya, "Installer maintenant". Wannan shi ne ramin, ka kauce masa. A ƙasa ta hagu akwai ɗan rubutu, "Réparer l'ordinateur". Shi za ka danna, sai "Dépannage", sai "Invite de commandes". Baƙin allo zai sake fitowa, amma wannan namu ne.

(In ba a samu kile ɗin Ubuntu ba, daga nan ma ana kwashe takardu. Ka rubuta notepad, ka je Fichier, Ouvrir, ka zaɓi "Tous les fichiers", sai tagar ta zame maka wurin yawo cikin diski, ka kwafa ka liƙa a wani kile. Ba ta nuna maka tana kwafa, sai ka yi haƙuri ka jira.)

Kafin magani a tabbatar da ciwo, don gidajen iri biyu ne. Ka rubuta diskpart, sannan list disk. Ka dubi layin diskin kwamfutar, a ƙarshensa akwai wurin da aka rubuta GPT. In babu tauraro a wurin, tsohon tsari ne, MBR, irin zauren da na kwatanta maka. In akwai tauraro, sabon tsari ne na UEFI, wanda ya zama ruwan dare a sababbin kwamfutoci tun fitowar Windows 8 a 2012. Hasashena taka tsohon tsari ce. Rubutun "grub rescue>" galibi a nan yake fitowa, kuma laftof ɗin da aka saya na hannu sau da yawa haka ake saka musu Windows ko da injin yana iya sabon. Amma hasashe ba gani ba ne, ka duba.

In babu tauraro, ka rubuta exit ka fita daga diskpart, sannan:

bootrec /fixmbr

Shi ke nan fa. Wannan layi ɗaya shi ne ya tashi GRUB daga zaure ya zaunar da ɗan aiken Windows, kuma ba ya taɓa taswirar ɗakuna. Za ta ce maka aikin ya yi nasara. Ka rufe tagar, ka kashe, ka zare kile, ka kunna. A mafi yawan irin matsalarka a nan labari yake ƙarewa, abin da aka ce sai format ya zama aikin da bai kai shan shayi ɗaya ba.

Za ka ga masu ba da shawara suna jera wasu umarnin a bayansa, bootrec /fixboot da bootrec /rebuildbcd, kamar dole ne a haɗa su. Ba dole ba ne. Na farkon ma a Windows 10 yakan amsa da "Accès refusé", mutum ya firgita a banza. Ka gwada tashi bayan /fixmbr tukuna. Sai in ta fito da sabon kuka, misali ta ce ba ta ga bootmgr ba ko ba ta ga tsarin da za ta tashi da shi ba, sannan ka koma. A lokacin abin da nake zargi shi ne hannunka ya haɗa da wani ɗan ƙaramin ɓangare mai suna "Réservé au système" wajen gogewa, ko kuma alamar da ke nuna ɓangaren da ake tashi daga gare shi ta gushe. Ka koma diskpart, ka rubuta list vol. In ɗan ƙaramin yana nan, ka zaɓe shi da select vol da lambarsa, ka rubuta active. In babu shi, ka zaɓi babban ɓangaren Windows ka yi masa active, ka fita, sannan ka rubuta bcdboot C:\Windows /s C: /f BIOS, wanda zai sake rubuta fayilolin tashi daga cikin Windows ɗin kanta. Sai dai ka lura, a wannan allon haruffa sukan sauya wuri, abin da ka sani da C yana iya zama D. Ka rubuta dir C:\ ka gani, in ba ka ga Windows da Users a ciki ba ka gwada D, kuma harafin da ka same su a ciki shi za ka sa a umarnin. Sannan a cikin diskpart akwai kalma ɗaya da ba za ka rubuta ba ko wa ya ce maka, ita ce clean. Tana share taswirar diskin gaba ɗaya, ba ta tambaya ko ka tabbata.

In kuwa ka ga tauraro, abin ya fi sauƙi ma. A sabon tsari zauren babba ne, ɓangare ne guda mai kimanin mega 100 ko fiye da haka, kuma kowa da kujerarsa a ciki. Ba a kori ɗan aiken Windows ba, an dai sa GRUB a gabansa ne a layi. Ka kunna kana danna F9, a jerin za ka ga "ubuntu" ka kuma ga "Windows Boot Manager", wasu HP ɗin "OS Boot Manager" suke rubutawa. Ka zaɓe shi, Windows ta tashi. Don kada ka riƙa yin haka kullum, ka shiga saitin injin da F10, ka nemi jerin tashi ka ɗaga na Windows sama, ka ajiye. In babu shi a jerin kwata-kwata, ka koma diskpart, list vol, ka nemi ɗan ƙaramin ɓangaren da aka rubuta wa FAT32, ka tabbata ba kile ɗinka ba ne, ka zaɓe shi, ka rubuta assign letter=S, ka fita, sannan bcdboot C:\Windows /s S: /f UEFI. Guntun kayan Ubuntu da ya rage a can cikin S:\EFI\ubuntu ba ya cutar da kowa. Ana iya share shi, amma kusa da shi akwai na Microsoft, kuma mutumin da ya kwana biyu bai yi barci ba bai kamata ya riƙe tsintsiya a wurin ba. Bar shi.

Akwai abin da ba ka tambaya ba amma dole in faɗa. Duk abin da ka ajiye a cikin Ubuntu, ayyukan makaranta ko hotuna, shi ne wanda yake cikin haɗari na gaske, don ɗakinsa ne aka rushe. Gogewa irin wadda ka yi suna kawai take cirewa daga taswira, kayan sukan zauna a wurin har sai an rubuta wani abu a kansu. In akwai abin da kake so a can, kada ka faɗaɗa C a kan filin, kada ka ƙirƙiri sabon ɓangare. Akwai manhaja ta kyauta mai suna TestDisk da ke nemo ɓangaren da aka goge, da 'yar uwarta PhotoRec mai tsinto fayiloli ɗaya ɗaya, ana iya tafiyar da su daga kile ɗin Ubuntu. Ka nemi wanda ya taɓa amfani da su ya zauna kusa da kai. In kuwa babu abin da ka damu da shi, bayan Windows ta tashi ka koma Gestion des disques ka mayar wa Yaya filinsa da "Étendre le volume". A tsohon tsari za ka iya ganin filin da launin kore an rubuta "Espace libre", kuma faɗaɗawar ta ƙi. Wannan katangar da aka zagaye ɗakin Ubuntu da ita ce ta rage, sai ka sake goge ta filin ya koma baƙi, "Non alloué", kuma sai yana manne da C ta hannun dama sannan zai yarda.

Niyyarka ba ta da aibi, jerin aikin ne ya juye. Wanda zai cire Ubuntu, zaure yake fara gyarawa, ya kashe ya kunna ya ga Windows tana tashi da kanta ba tare da tambaya ba, sannan ya rushe ɗakin. Kuma kada wannan ya sa ka guji Linux, malamanku sun yi gaskiya, mai karatun kwamfuta ba ya rabuwa da ita. A kwamfutar aro dai akwai hanyoyin da ba sa taɓa taswirar diski. VirtualBox yana buɗe maka Ubuntu a cikin taga kamar kowace manhaja. A Windows 10 daga fitowar 2004 zuwa sama, wato ta shekarar 2020, ana saka WSL, hanyar tafiyar da Linux a cikin Windows, da umarni ɗaya, wsl --install, ka samu Ubuntu ta rubuta umarni a cikin Windows. Su ma ka tambayi mai ita kafin ka saka.

In ka mayar masa, ka haɗa masa da kile ɗin da ka kwafe lissafin a kai, ka ce ya ajiye shi a gida ba a jakar laftof ba, ya riƙa sabunta shi duk Juma'a. Bashin mutane a diski ɗaya, cikin zafin Garwa na watan Afrilu da ƙurar hunturu, ko ba ka taɓa ta ba wata rana diskin zai gaji. Ka kuma gaya masa Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, ba yau zai yi wani abu a kai ba, amma ya sani.

In ka yi /fixmbr ta fito da wani rubutu daban da waɗanda na ambata, kada ka ƙara komai. Ka ɗauki hoton allon da wayarka, ka ɗauki na list disk da na list vol, ka aiko mini kafin Juma'a.